Abin Da Yake Na Kowa, Wa Ake Tambaya In Ya Ba Da Matsala?

Mai karatu, in wayar da ke hannunka Tecno ce, ko Itel, ko Infinix, ko Samsung, to a can ƙarƙashin duk abin da kake gani a fuskarta akwai wata manhaja mai suna Linux. Ita ce ke raba aiki tsakanin batir da kyamara da ma'ajiyar wayar. Ba wanda ya caje ka kuɗinta, kuma doka ba ta hana kowa ya kwafe ta, ya buɗe cikinta, ya canza abin da ya ga dama ba. Irin wannan ita ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya karanta.

Ba Linux kaɗai ba ce. Ɗalibin da ke lissafin sakamakon gwajin gonarsa a Samaru da R, da mai zana taswirar fadamu da QGIS, da ma'aikacin da aka tura ƙauyukan Kafur ko Bakori yana cike tambayoyi a waya da ODK, duk a wannan rijiyar suke ɗiba. To ga tambaya. Ranar da fom ya ƙi tafiya, ko taswira ta fito a karkace, ko lissafi ya tsaya da wani jan rubutu da ba ka gane ba, wa za ka kira? Ba ka saya ba, balle ka koma shago da rasit.

Wannan tambaya ta girmi intanet. Kuma abin sha'awa, manoman Funtua da Malumfashi sun taɓa fuskantar irinta, sun kuma amsa ta kusan a shekarun da masana kwamfuta suke amsa tasu. Bari mu bi tarihin biyu tare.

Zamanin ƙofa ɗaya

Mu fara da auduga. A 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester don neman auduga daga ƙasashen da suka mallaka. A 1912 aka shigo da irin auduga mai suna Allen arewacin Najeriya, daga baya aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda.

Tsarin ya kasance haka: iri daga wurin gurza yake fitowa, a raba wa manoma ta hannun masu gari. Manomi ya shuka, ya kai kasuwar auduga da hukuma ta amince da ita, a duba daraja, a saya a farashin da aka yanka. Bayan girbi kuma doka ta ce a tumɓuke karan a ƙone saboda tsutsa. Irin kyauta ne, amma ikon ba na manomi ba ne. Wane iri za a shuka, yaushe za a canza shi, duk daga sama ake yankewa. In matsala ta taso, ƙofa ɗaya ce: malamin gona, shi kuma ya kai gaba.

Ka riƙe wannan, domin haka yawancin manhajojin kamfani suke har yau. Ko da an ba ka kyauta, cikinta a rufe yake, kuma mai ita kaɗai ke iya gyara.

Masu kwamfuta sun gano gayya

A tsakiyar shekarun 1950 kwamfuta ɗaya kan cika babban ɗaki. Kamfanin IBM kan ba da hayar injin, amma yawancin manhajar da za ta yi maka aiki kai za ka rubuta. Sai injiniyoyin kamfanonin ƙera jiragen sama na yankin Los Angeles suka lura kowannensu yana ɓata watanni wajen rubuta abu iri ɗaya da na maƙwabcinsa. A 1955 suka kafa ƙungiya mai suna SHARE, kalmar da ke nufin rabawa. Duk wanda ya rubuta wani abu mai amfani ya kawo, wanda ya gano kuskure ya sanar. Ka lura fa, waɗannan kamfanoni abokan gasa ne a kasuwa. Amma sun ga in kowa ya ce shi kaɗai zai nome gonarsa, damina za ta wuce kowa bai gama ba.

Labari na biyu ya fi kusa da abin da muke ciki yau. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a ɗakin binciken Bell, mallakar kamfanin tarho na AT&T. Wata yarjejeniya da kamfanin ya yi da gwamnatin Amurka a 1956 ta taƙaita shi ga harkar sadarwa, don haka bai iya shiga kasuwar manhaja gadan-gadan ba. Da jami'o'i suka nema, sai ya riƙa ba su a kan ɗan kuɗi kaɗan, haɗe da rubutun asali. Sharaɗin dai shi ne: kada ka dawo da ƙorafi, ba mai koya maka, ba mai gyara maka.

Me ya rage wa masu amfani? Junansu. A watan Mayu na 1974 wasu 'yan tsiraru daga cikinsu suka haɗu a Jami'ar Columbia da ke New York don musayar dabaru, kuma wannan haɗuwa ce ta zama ƙungiyar USENIX. Suka riƙa aika wa juna gyare-gyare a kan faifan tef ta gidan waya. A Ostireliya wani malami, John Lions, ya rubuta sharhin rubutun Unix layi bayan layi don ɗalibansa. Da kamfanin ya hana yaɗa shi, sai ɗalibai suka koma kwafarsa a injin hoto, daga hannu zuwa hannu, shekara da shekaru.

Darasin farko kenan. Abin da ya sa taimakon juna ya yiwu shi ne rubutun yana hannunsu. Da a rufe yake, iyakarsu su taru su yi ta ƙorafi.

Funtua, 1975

A daidai wannan lokaci, a nan gida, gwamnati da Bankin Duniya suka buɗe manyan ayyukan raya noma guda uku: Funtua, Gusau da Gombe. Na Funtua ya fara a 1975, da rancen dala miliyan 29, ya kuma shafi gundumomin Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. Lokacin yankin yana Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. Jihar Katsina sai a 1987. An yi hanyoyin karkara, an gina ƙananan madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da takin zamani da iri kusa da ƙauyuka, an ɗauki malaman gona.

Masu tsara aikin sun ɗora buri sosai a kan auduga da dawa. Shawarar da aka kawo ita ce a shuka abu ɗaya zalla a gona, a kuma shuka auduga da wuri. Manoma da yawa suka ƙi. Ba taurin kai ba ne. Tun kafin nan David Norman da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta Samaru sun nuna cewa haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya dabara ce mai ma'ana, tana rage asara in damina ta yi gardama, tana kuma daidaita aiki a lokacin da hannu ya yi ƙaranci. Shi kuwa mai jinkirta auduga har sai ya gama da hatsi, cikin iyalinsa ya fara dubawa. Wato mai amfani ya san wani abu da mai ƙira bai sani ba.

Abin da ya karɓu fiye da tsammani shi ne masara. Tambayi dattawa, za su gaya maka a da masara ta bayan gida ce, a gasa ko a dafa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sai ga wata farar masara mai suna TZB, wadda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar a farkon shekarun 1970. Tana son taki, takin kuma a lokacin yana da rangwame mai yawa saboda kuɗin fetur. Fara ce, tana yin tuwo. Ga sababbin hanyoyi da motoci za su shigo su ɗauka.

Amma akwai wani sirri a jikin irin kansa. TZB ba masara mai aure ba ce. A masara mai aure, kamfani kan haɗa tsatso biyu da ya tace, 'ya'yan farko su fito da ƙarfi iri ɗaya. In ka ajiye nasu 'ya'yan ka sake shukawa, halayen sai su warwatse, amfani ya ragu, dole ka koma shago. Ita TZB kuwa iska ce ke yi mata barbara tsakanin tsirrai masu yawa, don haka manomi zai iya zaɓar manyan zangarniyoyi ya rataye, baɗi ya shuka. Zai iya ɗibar wa ƙaninsa tiya ɗaya, ya ba surukinsa na wani gari. A yaren masu kwamfuta, ana iya kwafarta.

Su malaman gona ba za su iya kai wa ga kowa ba. Gidajen manoma dubbai ne masu yawa, kuma aikin ya fi mai da hankali ga waɗanda ya kira manoma masu ci gaba, da manyan manoma. Masu bincike irin su Gavin Williams da Paul Clough sun soki wannan, domin mai hali da mai kusanci da sarauta su suka fi cin moriya. Clough ya zauna a wani ƙauye da ya kira Marmara, kusa da Malumfashi, a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma nuna yadda zumunci da amana da bashi tsakanin mutane ke riƙe da tattalin arzikin karkara. Ta waɗannan hanyoyin ne sani ya isa inda babur ɗin malamin gona bai kai ba. Tazarar shuka, lokacin zuba taki, yadda ake gane masarar da ke jin yunwa daga launin ganyenta: a bakin gona ake koyon su, da dandali, da ranar kasuwa. Gani ya kori ji. Aikin ya ƙare a 1980, masara ba ta ƙare ba. Je ka kasuwar Dandume bayan kaka ka ga shaida.

Kada mu wuce gona da iri a kwatance. Iri yana ƙarewa in an raba, manhaja ba ta ƙarewa. Masara kuma ba ta yaɗu don kyautar iri kaɗai ba, taki mai sauƙi da hanya da kasuwa sun taka rawa babba. Inda suka yi kama shi ne a nan: abin da kowa zai iya kwafa yana saurin wuce adadin mutanen da aka ɗauka don su koyar da shi. Daga nan kuwa dole masu amfani su zama malaman juna.

Matsalar da ta fi ƙarfin maƙwabci

Sai dai ba kowace matsala maƙwabci ke iya warwarewa ba. A 1983 da 1984 wata cuta da ke zana layuka masu ruwan ɗorawa a ganyen masara ta yi ɓarna a Najeriya da maƙwabtanta. Ƙwayar cuta ce da wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa. Duk gwanintar manomi, ba dabarar shuka da za ta kawar da ita gaba ɗaya. Gyaran yana cikin irin kansa, kuma masu ƙirar iri ne kaɗai za su iya. IITA ta fitar da nau'o'i masu jure cutar, har aka ba ta lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986 saboda wannan aiki.

Ka ga ashe taimako hawa-hawa ne. Akwai tambayar da wanda ya riga ka farawa da wata uku zai amsa. Akwai wadda sai gwani. Akwai kuma wadda ba tambaya ba ce, aibi ne a jikin abin, sai an kai wa masu ƙira. Tsari mai kyau shi ne wanda ke tace su, ƙananan su tsaya a ƙasa, manyan su haura da cikakken bayani.

A wannan shekara ta 1983 ne Richard Stallman, wani masani a jami'ar MIT, ya shelanta aikin GNU. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tunzura shi ƙaramin abu ne: wata sabuwar na'urar buga takardu da ke yawan cije takarda, ya nemi rubutun manhajarta don ya gyara, aka hana shi. Ya ce to zai gina tsarin da kowa ke da 'yancin amfani da shi, da karanta cikinsa, da canza shi, da raba shi. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ce in ka canza ka raba, dole naka ma ya zauna a buɗe. A watan Agusta na 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana gina wani abu don sha'awa, ya nemi mutane su faɗa masa abin da suke so da wanda ba su so. Linux kenan.

Da masu amfani suka yi yawa, sai hawa-hawan nan ya fito fili. Aka fara tara tambayoyin da ake yawan maimaitawa da amsoshinsu wuri ɗaya. A 1992 aka kafa aikin rubuta littattafan koyon Linux, duk na sa-kai. A birane da jami'o'i aka kafa ƙungiyoyin masu amfani, inda mutum zai ɗauko kwamfutarsa a ranar hutu a taru a saka masa. Aikin Debian, wanda Ian Murdock ya fara a 1993, ya buɗe rajistar matsaloli: kowace matsala da lambarta, kowa na iya ganin wa ya kawo ta, wa ke dubawa, an gyara ko ba a gyara ba. A 1998 kamfanin Netscape ya buɗe rubutun manhajarsa ta shiga intanet, a shekarar ce kuma sunan buɗaɗɗiyar manhaja ya samu a Turance, daga bakin Christine Peterson.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata ka lura da shi. Shawarar da aka bayar a gindin bishiya, waɗanda ke wurin ne kaɗai suka ji. Amsar da aka rubuta aka ajiye a fili kuwa, mutum ɗaya ya tambaya, dubu su amfana, har bayan shekara goma. Wannan ne ya sa mutane ƙalilan suke iya ɗaukar nauyin miliyoyi.

Me suke samu?

Za ka ce, to wa ke da lokacin amsa tambayar baƙon da bai sani ba, ba ko sisi? Masu bincike biyu, Karim Lakhani da Eric von Hippel, sun bi diddigin wannan a tsakanin masu amfani da Apache, manhajar da a lokacin take ɗauke da mafi yawan shafukan intanet na duniya. Sakamakon ya fito a 2003. Sun gano cewa kusan kashi 98 cikin 100 na lokacin da masu amsawa ke kashewa yana tafiya ne wajen karanta matsalolin wasu, kuma suna yin hakan don su ma su ƙaru. Rubuta amsar kanta ɗan lokaci kaɗan take ci, domin galibi abin da suka riga suka sani ne.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san wannan lissafi. Mai zuwa gayya ba asara yake yi ba. Yana ganin yadda wani ya yi kunyarsa, yana jin wane iri ne ya yi kyau bana, kuma ranar tasa gayyar za a zo. Gwanin da ake yawan tambaya kuma sunansa ke tafiya. A duniyar manhaja wannan suna yakan zama aiki da albashi.

Akwai kuma waɗanda suka mai da taimakon sana'a. A 1989 Michael Tiemann da abokansa biyu suka kafa kamfanin Cygnus. Ba manhaja suke sayarwa ba, tunda kyauta ce. Alkawari suke sayarwa: in ta ba ka matsala, mu za mu ɗauki waya. Red Hat ta bi wannan hanya, har IBM ta saye ta a 2019 a kan dala biliyan 34. Banki ko asibiti ba za su jira sai wani ya ga dama ya amsa ba, sun gwammace su biya. Mai gyaran waya da ke yi maka filashin a kasuwa, a ƙaramin mataki, wannan sana'ar yake yi.

Inda igiyar ke tsinkewa

Kada ka ɗauka labarin duk daɗi ne. Bayan ayyukan farko, an faɗaɗa tsarin zuwa jihohi gaba ɗaya, a Katsina aka sami hukumar KTARDA. Aka ɗauko tsarin horarwa da ziyara na Daniel Benor, inda malamin gona ke zagayawa wurin zaɓaɓɓun manoma duk mako biyu, su kuma su isar wa sauran. Tsarin yana cin kuɗi sosai. Da shirin SAP na tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, daga baya kuma tallafin Bankin Duniya ya janye, sai malaman gona suka yi ƙaranci a faɗin ƙasar.

Manoma sun ci gaba da koya wa juna, amma tsanin da ke kai matsala sama ya yi rauni. Shi kuma irin da ake ajiyewa, shekara bayan shekara yana gauraya da na gonakin maƙwabta ta hanyar iska, shi ya sa masana ke cewa a sabunta shi bayan 'yan damina. In ba wanda ke kula da tushe, abin da ke yawo a hannun jama'a a hankali yake lalacewa. Da sabuwar tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, ba dattijon da ya taɓa ganinta. Wurin da manoma da yawa suka fara nufa shi ne shagon mai maganin feshi, wanda shawararsa da cinikinsa a haɗe suke.

Manhaja ma ta sha irin wannan. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle bayanan sirri tsakaninka da shafuka masu ɗimbin yawa. Ɓarakar ta yi kusan shekara biyu ba a gani ba. Da aka duba, sai aka tarar mutane ƙalilan ne ke riƙe da aikin, kuma gudummawar da suke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali manyan kamfanonin duniya a kanta suka dogara.

Na watan Maris na 2024 ya fi ban tsoro. Wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowane tsarin Linux, mutum ɗaya ne ya daɗe yana kula da ita a lokacin hutunsa. Ya gaji. Wasu suka yi ta matsa masa da ƙorafin cewa ba ya sauri, ya ba wani dama mana. Wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa kamar mutumin kirki, ya samu amana, sannan ya dasa ƙofar sirri da za ta iya ba shi damar shiga kwamfutoci masu yawa. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura cewa shiga wata kwamfuta yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi sawu, ya gano, ya sanar kafin abin ya bazu.

Labarin nan fuska biyu gare shi. Buɗewar ce ta sa mai amfani ɗaya ya iya tono matsalar. Amma kuma yawan masu nema da ƙarancin masu bayarwa ne ya buɗe ƙofar tun farko. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To mu fa?

A 2008 Gaetano Borriello na Jami'ar Washington da ɗalibansa suka fara ODK, don tattara bayanai da waya a wuraren da ba sabis. Yau ana amfani da ita a arewacin Najeriya a aikin rigakafin shan inna da binciken noma da na lafiya. Matasa da yawa a garuruwanmu sun sami aikin wucin gadi da ita. Amma dubi yadda taimakon yake tafiya. Akan yi horo na kwana biyu ko uku, a tura mutane ƙauye. In aikin ya ƙare, wanda ya iya ya tafi da iyawarsa, ayari na gaba ya faro daga farko. Kusan duk rubutattun amsoshin da ke akwai kuma da Turanci suke, kuma an rubuta su ne da tunanin mai wuta da intanet a kowane lokaci.

Matsalolinmu kuwa namu ne. Suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ da ya koma alamar tambaya a cikin jadawali. Wayar da zafin rana ya kashe ana tsakiyar aiki. Ƙauyuka biyu masu suna ɗaya a ƙaramar hukuma ɗaya. Mai ƙirar da ke Turai ko Amurka ba zai san da su ba sai an gaya masa, kamar yadda masu tsara aikin Funtua ba su fahimci dalilin haɗa dawa da wake ba sai da aka saurari manomi.

Don haka ga abin da tarihin nan ke nema daga gare ka. In za ka yi tambaya, yi ta yadda za a iya amsawa. Manomin da ya ce wa malamin gona "masarata ba lafiya" bai ce komai ba. Wanda ya zo da ganyen a hannu, ya faɗi irin da ya shuka, da ranar shuka, da takin da ya zuba, ya gama rabin aikin. Kai ma faɗi sunan manhajar da lambar fitowarta, da irin wayar ko kwamfutar, da abin da ka danna, da abin da ka zata zai faru, da ainihin saƙon da ya fito. Kafin nan ma duba ko wani ya riga ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata, amma mai amsawa yana gajiya.

In ka samu mafita, rubuta ta, da Hausa, ka ajiye inda na bayanka zai gani, ko da shafi ɗaya ne da za a bar wa ɗaliban sashenku. In ka tabbatar aibin a jikin manhajar yake, kai rahoto wurin masu ita cikin ladabi, ka tuna wataƙila mutum ɗaya ne ke amsa ɗaruruwa bayan ya taso daga nasa aikin. In kuma kana cikin masu rubuta kasafin wani aiki da zai dogara da manhajar kyauta, ware wani abu don horar da mutanen da za su zauna bayan aikin ya tashi, da kuma tallafa wa masu kula da tushe.

Aikin Funtua shekara biyar ya yi. Abin da ya rage bayansa shi ne wanda ya shiga hannun mutane har suka iya koya wa juna ba tare da jiran kowa ba. Manhajojin da muke amfani da su yau ma haka za a auna su nan da shekara ashirin: mutum nawa ne a Funtua, ko Malumfashi, ko Zariya, za su iya amsawa in ƙaninsu ya zo da tambaya.